Hajiya Ta Kira Wanzami, Iyayen Yaron Ba Su Sani Ba

Wasiƙar wannan makon ta fito ne daga wata baiwar Allah a unguwar Garin Malam, nan Damagaram. Ta roƙi a sakaya sunanta.

"Tanti, barka da aiki. Ƙanena ya je karatu Faransa, ya samu aiki can, ya auri Baturiya, Allah ya ba su ɗa namiji, yanzu shekararsa 7. Bana ne suka fara kawo shi gida hutu. Shi da matar sun tafi Yamai wajen wasu takardu, sun bar yaron wurin mahaifiyarmu. Shekaranjiya da aka yi ruwa yara suka tuɓe suna wanka a bakin indararo, shi ma ya tuɓe, ashe ba a yi masa kaciya ba. Yara suka yi ta dariya suna ce masa mai loɓa, wani ma ya ce arne ne. Ba ya jin Hausa, amma ya gane da shi ake, tun ranar bai ƙara leƙa ƙofar gida ba. Ɗana mai shekara 8 ya dame ni da tambaya, wai don me aka yi masa shi, ba a yi wa ɗan kawunsa ba. Babbar matsalar ita ce Hajiya. Ta ce jikanta ba zai koma ƙasar Annasara da ƙazanta ba. Ta aika wa wanzamin gidanmu ya zo ranar Juma'a da safe a yi a gama kafin iyayen su dawo, ta kuma ce kada in kuskura in gaya wa ƙanena. Ina tsoron saɓa wa uwa, ina tsoron abin da zai biyo baya. Me ya sa su ba sa yi? Yaron nan Musulmi ne a haka? Yaya zan yi?"

Ƴar'uwa, kada aska ta taɓa yaron nan ranar Juma'a. Ki kira ƙanenki yau, kafin ki kwanta, ki gaya masa abin da ake ciki. Na san Hajiya ta hana, na kuma san nauyin maganar uwa a wuyan ɗiya. Amma amana aka bar muku, kuma tun muna makarantar allo ake gaya mana babu biyayya ga abin halitta cikin saɓon Mahalicci. Yanke wani abu daga jikin ɗan mutum a bayan idonsa cin amana ne, ko da kakar yaron ce ta sa, ko da niyyarta fara ce tas.

Akwai abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki: babu ɗayanku, ke da Hajiya, da ya san dalilin da ya sa ba a yi ba. Kun ɗauka uwar ce ta ƙi don Baturiya ce. Mai yiwuwa haka ne. Mai yiwuwa kuma likita ne ya hana. Akwai yaran da ake haifa ƙofar fitsarinsu ba ta fito a tsinin gaba ba, tana ɗan ƙasa da wurin. Irin waɗannan likita yakan ja kunne kada a yi musu kaciya, domin da wannan fatar ce sau da yawa mai tiyata yake gyara hanyar fitsarin. In wanzami ya riga ya yanke ya jefar, an rasa abin faci. Akwai kuma ciwon da ake kira hemofiliya, wanda jinin mai shi ba ya daskarewa. Ta wajen uwa yake biyowa, a jikin ƴaƴa maza yake bayyana, kuma a gidaje da dama ranar kaciya ake fara gane shi, lokacin da tsumma ya jiƙe aka sake wani ya jiƙe. Me kuka sani game da dangin uwar yaron nan? Ko sunan kakansa na can ba na jin kun sani. Ba ina cewa yana da ɗayan biyun ba ne. Ina cewa wanda ya sani yana Yamai, kuma yana da waya.

Ki kuma tuna yadda aka yi wa naki. Ba rana ɗaya aka fizgo shi ba. Tun lokacin kaka ake ta ce masa bana za ka zama namiji. Aka jira sanyi ya shigo, aka haɗa shi da sa'o'insa na gida da na maƙwabta, aka share ɗaki aka zuba yashi. Baffansa ne ya riƙe shi, da Hausa ake lallashinsa, ya san fuskar wanzamin don shi ne ya yi masa askin suna. Da dare a sa masa kara tsakanin gwiwoyi don kada ya fama, da safe ga kaza, ga tsire, ƴan dubiya na shigowa suna miƙa masa ƴan kuɗi yana cusawa ƙarƙashin tabarma, ana gardamar wa ya yi kuka wa bai yi ba. Shi ya sa yaranmu ke tuna shayi da alfahari duk da zafinsa. To wannan fa? Ba ya jin abin da ake faɗa, babu uwa babu uba a kusa, sai ya ga mutanen da bai yi wata guda da saninsu ba sun danne shi, wani ya zaro aska. Ba zai kira wannan kaciya ba. Duk ranar da aka ambaci Damagaram a gabansa, wannan safiyar zai tuna.

Ga shi damina ce. Kakanninmu ba wawaye ba ne da suka zaɓi lokacin ɗari: miki ya fi saurin bushewa, ƙuda da laima sun ragu. Yaron kuma tafiya ce a gabansa, kusan kilomita 900 a mota zuwa Yamai, sannan jirgi. A can Faransa kuwa kotuna na lissafa kaciya cikin manyan al'amuran da sai uwa da uba duka sun yarda. In matar ta ga abin da aka yi wa ɗanta, ƙanenki ne zai sha tuhuma, auren na iya girgiza, kuma abu mafi kusa shi ne ba za a ƙara kawo yaron ba. Wannan ita ce maganar da za ta shiga kunnen Hajiya fiye da kowace.

Kin tambaya ko Musulmi ne a haka. Musulmi ne, ɗan Musulmi. Kalmar shahada ke shigar da mutum Musulunci, ba aska ba. Kaciya babbar sunna ce, ba na rage mata daraja. Tana cikin abubuwa biyar na fiɗira da suka zo a hadisin Abu Huraira cikin Bukhari da Muslim, tare da aske gashin mara, yanke farce, cire gashin hammata da rage gashin baki. Ya kuma tabbata Annabi Ibrahim, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi kaciya yana da shekara 80. Shafi'awa da Hambalawa sun ce wajibi ce. Malikawa, waɗanda littattafansu ake karantawa a zaurukanmu, sun ce sunna ce mai ƙarfi. Lokacin da suka fi so kuma shi ne sa'ad da ake fara umartar yaro da salla, daga shekara 7 zuwa 10. Imamu Malik ma ya ƙi a yi ta ranar haihuwa ko ranar bakwai. Kin ga ke nan ko a mizanin malaman Hajiya, jikanta bai makara ba, yanzu ne ma ya taka bakin lokacin. Saurin me ake yi har da ɓoyo?

Batun me ya sa wasu ke yi wasu ba sa yi, mu nan da wuya mu yi wannan tambayar don duk inda muka juya kowa an yi masa. Amma a duniya mu ne ƴan kaɗan. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2007 ya ce kimanin kashi 30 cikin 100 na mazan duniya ne ke da kaciya, kuma wajen kashi biyu cikin uku na waɗannan Musulmi ne. Ma'ana, in aka jera maza goma daga ko'ina, bakwai kamar ɗan ƙanenki suke.

Masu yi ɗin ma ba dalili ɗaya ya haɗa su ba. Abin ya daɗe ƙwarai: a Sakkara ta ƙasar Masar akwai zane a bangon wani kabari da ya haura shekara 4,000, yana nuna ana yi wa samari kaciya. Yahudawa na yi rana ta takwas da haihuwa, a matsayin alkawarin da ke tsakanin Allah da Annabi Ibrahim, kuma Linjila ta ce haka aka yi wa Annabi Isa. Kiristoci na farko sun yi muhawara a kai, har manyansu suka zauna a birnin Ƙudus wajen shekara ta 50 suka yanke cewa wanda ba Bayahude ba in ya shiga addininsu ba dole ne ya yi ba. Daga nan ne Turai, ƙasar surukarku, ta tashi ba ta yi. Ba wai sun daina ba ne, tun asali ba al'adarsu ba ce. Amma Kiristocin Habasha da Kibɗawan Masar suna yi har yau, haka mafi yawan Kiristocin Nijar da Najeriya, don al'adar ƙasa ce. A Filifin, inda mafi yawa Kiristoci ne, kusan kowane yaro ana yi masa lokacin hutun lakwal, wanda ba a yi wa ba ya sha tsokana kamar dai yadda aka yi a bakin indararonku. Ƙabilar Kosa ta Afirka ta Kudu sai saurayi ya tasa ake kai shi daji a yi masa. Nelson Mandela yana da shekara 16 aka yi masa tasa.

Amurka da Ingila kuwa likitoci ne suka shigo da ita a ƙarshen ƙarni na 19, da sunan tsafta da rigakafi. Ingila ta ja da baya bayan 1949, lokacin da wani likitan yara, Douglas Gairdner, ya nuna cewa manne da fatar ke yi a jikin jariri ba ciwo ba ne, da kanta take saki in yaro ya girma. Asibitocin gwamnati suka daina yi sai da dalilin ciwo. Amurka ta ci gaba, har a 2010 kimanin kashi 58 cikin 100 na jarirai maza ana yi musu kafin a sallame su daga asibiti. Koriya ta Kudu daga Amurkawa ta koya bayan 1945, maƙwabciyarta Japan ba ta ɗauka ba. Ƴan Sin ɗin nan da kike gani suna aiki a matatar mai ta SORAZ, a ƙasarsu mafi yawan maza ba a yi musu, haka mabiya addinin Hindu a Indiya. Gidan da aka haifi yaro da ƙasar da ya tashi su ke yanke wannan hukunci, shi ba a tambaye shi ba.

Turawa da yawa a yau suna ganin bai kamata a yanke wani abu daga jikin yaro mai lafiya ba sai ya girma ya zaɓa da kansa. A Jamus har wata kotu a birnin Kolon ta yanke hukunci a 2012 cewa kaciyar yaro ba tare da ciwo ba laifi ce, sai da majalisa ta yi doka a ƙarshen shekarar ta halatta. Ni ban bi wannan ra'ayi ba, nawa mazan duk an yi musu, kuma ina ganin haƙƙin iyaye ne su rene ƴaƴansu a kan addininsu. Amma matar da ta tashi da wancan tunani ba muguwa ba ce, ɗanta take karewa da abin da ta sani. Wa ya sani ma ko sun daɗe suna jan zancen ita da mijinta, har sun kusa daidaitawa?

Ta fuskar lafiya kaciya na da amfani na gaske. Tana rage ciwon sanyin fitsari ga jarirai da kumburin kan gaba. Bincike uku da aka yi a Orange Farm ta Afirka ta Kudu, Kisumu ta Kenya da Rakai ta Yuganda sun nuna tana rage haɗarin namiji ya ɗauki ƙanjamau daga mace da kimanin kashi 60 cikin 100, abin da ya sa a 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yawaita ta a ƙasashen da cutar ta yi katutu. Ragewa na ce, ba kariya ba, don kada wani saurayi ya karanta ya ɗauka an ba shi lasisi. Duk da haka ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, da ta duba lamarin a 2012, cewa ta yi amfanin ya rinjayi haɗarin, amma bai kai a ce dole kowa ya yi ba, iyaye su zaɓa. Kalmar ƙazanta da Hajiya ta faɗa kuwa ta yi nauyi. Yaron da ake wankewa da ruwa tsaf yake. Sai dai ki ja kunnen duk mai yi masa wanka kada ta ja fatar baya da ƙarfi wai za ta wanke ciki. In ba ta saki da kanta ba, jan na tsaga ta, wani lokaci ma ta maƙale a baya kan ya kumbura, sai an garzaya gidan likita.

Ɗanki kuma ba ya bukatar duk wannan tarihin. Ki zaunar da shi ki ce masa: kowane namiji da wannan fatar ake haihuwarsa, kai ma da ita ka zo. Mu Musulmin nan muna cirewa don sunna ce. A ƙasar da aka haifi ɗan'uwanka ba kowa ke yi ba, kuma babansa da mamarsa ne za su faɗi lokacin nasa. Ba ciwo ba ne, ba laifinsa ba ne. Sannan ki ba shi aiki, don yaro mai shekara 8 yana son a ɗora masa girma: kai ne wansa, duk wanda ya ƙara yi masa dariya kai za ka ce a bari. Ki ƙara masa da cewa al'aurar mutum ba abin kallo ba ce balle abin hira. Wanda ya ce arne kuwa, ki je wurin uwarsa cikin mutunci ki gaya mata, wannan kalma ba ta wasan yara ba ce. Shi baƙon naku a samo masa ɗan gajeren wando na wankan ruwa, a nemi mai jin Faransanci a gidan ya gaya masa babu abin da ya same shi, a kuma fito da shi ƙofar gida ya koma cikin yara tun abin bai zauna masa a rai ba.

Hajiya kada ki tunkare ta da gardama, ba za ki ci ba. Abin da ke cin ta ba fatar ba ce. Tsoro take ji kada jinin ɗanta ya narke a ƙasar wasu, ya tashi bai san alƙibla ba, kuma wannan tsoro ba na banza ba ne. Ki samu wanda take jin nauyinsa, baffanku ko limamin unguwa ko aminiyarta, ya je mata da maganar lokacin Malikawa da maganar amana. Ke kuma naki shi ne ki ce, "Inna, in aka yi wannan a ɓoye, mijin nan naki da kike ta yi wa kirari ba za a ƙara kawo miki shi ba." Kaka da ke wasa da jikanta tana kiransa angonta ba za ta so ta saya wa kanta rabuwa da shi ba. In tana so ta ga an yi, hanyar ita ce ta zaunar da ɗanta in ya dawo ta gaya masa, uwa ce, tana da wannan bakin. Kafin nan ta koya wa yaron Fatiha da alwala, ta saba masa da tuwo. Shi ma wanzamin ki aika masa cewa uban yaron bai sani ba. Wanzamai mutane ne masu sana'a da mutunci, mai hankali a cikinsu ba zai sa askarsa a jikin ɗan da ubansa bai ba da izini ba.

In iyayen sun dawo sun amince a yi, to ga yaro mai wannan shekaru ni gidan likita zan ce, ko babban asibitin Damagaram ko can inda suke zaune, a duba shi tukuna, a tambayi tarihin zubar jini a dangi, a yi allurar kashe zafi, a tabbatar rigakafinsa na tetanus, ciwon nan mai sarƙe haƙora, ya cika. Wannan gargaɗin har ga masu karatu da ke shirin shayin ƴaƴansu in sanyi ya shigo: in wanzami za ku kira, kowane yaro da sabuwar rezarsa da aka buɗe a gabanku, domin aska ɗaya a jikin yara biyar hanya ce ta ciwon hanta da ƙanjamau. Kada a barbaɗa toka ko ƙasa a miki. Yaro mai sikila ko mai zazzaɓi ba a yi masa sai likita ya gani. In jini ya ƙi tsayawa, ko yaro ya wuni bai yi fitsari ba, ko wurin ya kumbura yana ruwa yana wari, ko ya yi baƙi, ko jiki ya yi zafi, ba a jira gari ya waye.

In kuma kin ga duk da haka Hajiya ba ta sauko ba, ki ɗauke yaron tun daren Alhamis ya kwana gidanki wurin ɗan'uwansa, ki sa masa gidan sauro don jikinsa bai san zazzaɓin nan namu ba, ki riƙe shi har iyayen su iso. Fushin Hajiya za ki sha shi kwana biyu, ki durƙusa ki ba ta haƙuri. Ki rubuto mini yadda kuka ƙare.